Rasuwar Kati Mai Hula Biyar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma 'yan tambayoyin da har yanzu ba a amsa mini ba, ni Isma'il Ɗahiru na Tasawa, tsohon magatakardan furoje, wato shirin tallafa wa makiyaya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan gari da Korgom da Hawandawaki da Mayahi rasuwar amintaccen abokin aikina, Kati. Ya cika ranar Talata bayan la'asar, a kan teburina, a gaban shaidu biyu da kowannensu ya rantse wani wuri yake kallo.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan allo ne kore, tsawonsa taƙi ɗaya, mazauni cikin tsohuwar ordinatar ɗina, wadda mutanen Katsina ke ce wa kwamfuta. Aikinsa tafinta. Shi ke shiga tsakanin na'urar da dis ɗin da ake ajiye rubutu a ciki, kuma dis ɗin nan ba ya jin harshen kowa sai nasa. Kati ya zo ƙasar nan cikin kwali, ba takarda, ba littafin bayani, ba wanda ya san sunan ubansa. Baturen da ya ɗaura shi ya koma gida bai bar wasiyya ba. Abin da kawai ya bar masa shi ne 'yan huluna biyar baƙaƙe na roba, kowace ba ta kai ƙwayar wake ba, an kifa su a kan wasu jerin allurai. Inda kowace hula ta zauna, nan ne asirin lafiyarsa. Shekara talatin ban taɓa ko ɗaya ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya ga ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, da dawowarsa ba adadi, ya sha zafin bazara a ɗakin kwano, bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Kowace safiya in na kunna, sai ya ce "kit, kit, kirrr," kamar dattijo mai gyaran murya kafin gaisuwa, sannan ya ce "tit," aiki ya kankama.

Babbar amanar da ya riƙe ita ce ta burtali. A shekarar da furoje ya nannaɗe tabarmarsa, mu bakwai muka taka hanyar shanun da ta bi gabas da Hawandawaki zuwa tafki: manoma uku, makiyaya uku, sai ni da igiyar awo. Kowane gawo, kowane dutse, faɗin kowane wuri da sunan wanda ya shaida, duk na buga na ba Kati. Takardun kuwa aka jibge a magaza, ɗakin ajiyar kaya, gara ta yi buki da su. Da aka gaya mini dariya na yi, na ce takarda ta mutanen da ce. Daga baya injin bugawa ya mutu, bakin disket da ake kwafe rubutu ta cikinsa ya toshe, ban damu ba. Yanzu gonaki sun yi ta rarrafe cikin burtalin, sarki ya sa Alhamis ta makon gobe in kawo abin da aka rubuta kafin ruwa ya sauka. In ban kawo ba, shanun Cindo, dattijon makiyayan wajen, da na danginsa ba su da hanyar shan ruwa sai ta cikin hatsi, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan.

A nan ne ciwon ajali ya sallama, kuma ina roƙon jama'a su lura da lokacin. Shekara talatin ko mura bai yi ba, sai da aka sa rana. Maimakon "kirrr" sai ya koma "biip, biip." Na kira Ashiru mai gyara, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Malam, sans notice, ba littafin bayani, sai dai lalube. A fidda shi a goge da isansi, man moto, mu gani." Na cire hulunan ɗaya bayan ɗaya, na jera su a kan faifai daidai yadda suke zaune, domin jerin nan shi ne kaɗai littafin bayanin da muke da shi a duniya. Na tafi sallah. Na dawo na tarar da faifai rataye a bango, fes.

Gwaggo Rabi'atu, ƙanwar mahaifina, ta ce, "Kashin ɓera na gani bisa faifaina, na kakkaɓe. Kai dai ɗakinka duk ƙazanta." Muka tankaɗe yashin tsakar gida da rariya har magariba. Huɗu muka samu.

Ba na zargin kowa, zato zunubi ne. Ina dai faɗin abin da ido ya gani. Rufa'i, wanda gonarsa ta fi kowace ƙiba ta wajen burtali, shekara goma sha biyar bai taka gidana ba, sai ranar nan zumunci ya motsa masa, ya zo gaisuwa, ya zauna dab da teburi wai yana sa wayarsa caji. Ashiru kuwa shekara biyu ke nan yana yi mini waƙar wata sabuwar na'ura da ke shagonsa. Gwaggo ba ta ganin kafar allura, ba ta gane ni sai na yi magana, amma ranar nan ta hango kashin ɓera daga bakin ƙofa, kuma matar Rufa'i 'yar ƙawarta ce. Zakaran gida ma an gan shi yana kai-kawo a wurin. An yanka shi an bincike ƙundunsa, ba a sami komai ba. Ya fita daga zargi, kuma ya yi daɗi.

Kwana uku ni da Ashiru muna lalube da hula huɗu, Gwaggo na bakin ƙofa tana ba da shawara. Mu kifa nan, mu kunna, shiru. Mu matsa can, "biip." Ranar Talata na mayar da shi mazauninsa, na yi bisimilla na danna. Ya ce "tas!" Wani ɗan hayaki ya tashi, ƙauri irin na babbakar kan akuya ya cika ɗakin. Ita ce kalmarsa ta ƙarshe.

Gaskiya ta sa in ƙara wannan. Da na laluba aljihun rigar da na sa ranar tankaɗen yashi, ina neman hankicin da zan naɗe gawar, sai ga hula ta biyar cikin ɓarɓashin goro. Kamar na tuna na ɗauki ɗaya zan kai kasuwa a nemo irinta, amma ba a riƙe mai makoki da tunaninsa. Aljihu ba shi da ƙyaure, kowa na iya sa hannu.

Marigayin ya bar dis, wanda ke zaman takaba da duk maganar burtali a cikinsa. An kawo masa wasu katuna biyu irin marigayin daga Maradi, ya ƙi ko amsa musu sallama. Kati ya kuma bar ekaran guda, gilashin da rubutu ke fitowa a kai, da huluna biyar da suka haɗu bayan ba su da amfani, da ni.

Jiya Cindo ya zo ta'aziyya a kan amalanke. Ya saurare ni har na gama lissafa masu laifi, ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce, "Isma'ila, akwatinka ne ya mutu, ba burtali ba. Mu bakwai munka taka shi, biyar sun riga mu. Kai idonka na bisa kaye kana rubutu ranar, ni nawa na bisa ƙasa. Na san kowane icce." Kunya ta kama ni, kuma ba zan ɓoye ba. Shekara talatin ina share wa Kati ƙura kowace Juma'a, ban taɓa hawa moto na je na gaida mutumin nan ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, in Allah ya kai mu. Za a taru a Hawandawaki bayan asuba, gawar na cikin kwalin sabulu. Rakiya a ƙafa ce, daga bakin burtali har tafki, inda za a rufe shi. Cindo zai shige gaba a kan jaki yana faɗin alamu, ni ina baya da bik na rubutu da kaye uku, wato littattafai: ɗaya na sarki, ɗaya na Cindo, ɗaya na akwatin ƙarfen da gara ba ta ci. Ana gayyatar Rufa'i musamman, shi zai riƙe bakin igiyar awo, inda kowa zai ga hannunsa. Ba a buƙatar komai sai ruwan sha.

Don Allah kada kowa ya makara. Kati ya jira ni shekara talatin, Cindo kuwa ya ce shi bai yi mini wannan alkawari ba.