Faifai na Uku Zuwa Timia

"...ina gajiya, amarya?"

"Babu gajiya, tsoho. Ina ƙafa? Tun daga bakin masallaci nake jin ta tana share mana hanya."

"Ƙafa lau. Ita ta kawo ni in dawo miki da bebayenki."

Illiya ya ajiye faifai biyu a kan tebur, ya nemi kujera ya zauna, ya gyara rawani. Maƙerin azurfa ne a tsohon garin Agadas, shekara arba'in yana zaune gaban wuta. Salma jikarsa ce, 'yar babban ɗansa. Tana da ɗan shago, butik, kusa da kasuwa, inda take buga wa mutane takardu a ordinatar, wato kwamfuta, tana kuma zuba musu waƙa da wa'azi a faifai. A shekarun nan faifan ya fara ja da baya, kowa ya koma katin salula, har 'yan kasuwa sun daina kawo sababbi.

Illiya yana da yaya a Timia, Hafsa. Idonta ya tafi, hanya kuma ta yi mata nisa, don haka ba ta zo bikin Jamila yayar Salma ba. Abu ɗaya ta roƙa, a aiko mata da sautin bikin ta ji. Tana da rediyo mai cin faifai da ɗanta ya sayo mata daga wurin haƙar zinariya. Sau biyu aka aika, sau biyu rediyon ya yi shiru. Yau Nasiru mai mota ya dawo da faifan duka biyu, kuma bayan la'asar zai koma. In ya tafi, sai wani mako kuma.

Salma ta dubi faifan ba ta taɓa su ba.

"Ni ban haifi bebe ba. A nan suna magana. Na biyun ma da kunnenka ka ji shi, har ka share ido ka ce hayaƙin shayi ne."

"Hayaƙi ne."

"Ba a hura wuta ba ran nan."

"Na maƙwabta ne. Ke dai ki bar idona, ki dubi aikinki. Na farko kin ce laifinki ne."

"Na ce wataƙila. Na zuba shi irin wanda ordinatar ke karantawa, na zaci tsohon rediyo ne bai gane ba. Na biyu na yi shi irin na rediyo, a hankali, na rufe shi, na gwada a gabanka. Me ya rage?"

"Ya rage ya yi magana a Timia. Ko faifanki ɗan birni ne, ba ya gaisawa da mutanen garka?"

"Ya gaji kakansa ke nan. Yaushe rabonka da Timia?"

Illiya ya yi kamar bai ji ba. Ya dubi bakin ƙofa ya ce, "Yaya Hafsa ta ba Nasiru saƙo. Ta ce a gaya mini, in wasa nake yi da makauniya, to ta gode."

Salma ta jawo faifan gabanta. Ta ɗauki faifai ɗaya ta tura cikin ordinatar. Injin ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake gurnani, sannan wani rubutu ya fito.

"Me ta ce?" in ji Illiya.

"*Erreur de lecture*. Wai ba ta iya karantawa."

"Kun zama ku biyu. Shekara goma sha biyu ana kai ki makarantar lekol da kwanon abinci, ga abin da aka samu."

"Kai da ba a kai ba, me aka samu? Mutumin da ke ce wa ordinatar sannu da aiki."

"Ta fi ki ladabi, shi ya sa."

Salma ta fitar da faifan, ta hura wa aljihun injin iska, ta goge idon da ɗan auduga, ta sa na biyun. Shi ma haka. Ta ɗauko wani tsohon faifan wa'azi ta gwada, nan take malam ya fara sallama.

"Ka ji? Injina lafiyarsa ƙalau. Tsakanin nan da Timia aka kashe su. Nasiru a gaban gilashin mota ya ajiye, rana ta gasa su?"

"A cikin jakar fata na sa, na naɗe da ƙyalle, na cusa tsakiyar buhun gero. Ko jariri bai samu wannan gata ba."

"Ka sa su aljihu ɗaya da zobba?"

"A'a."

"Ka ɗora butar shayi a kai?"

"Sau nawa zan ce a'a?"

"To faɗi gaskiya, tsoho, tsakaninka da Allah. Ka ga abu yana ƙyalli, zuciyarka ta maƙeri ta motsa, ka ɗauko toka da lemun tsami ka goge shi kamar munduwa."

Illiya ya dafe ƙirji. "Ni? Kin ce kada a taɓa fuskar mai ƙyalli. Ban taɓa ba. Ƙuda ya zo zai sauka, na bi shi har zaure. Duba da idonki, in akwai."

Ta juya su ta duba. Fuskar nan tas take, ko zanen gashi babu. Ta ciji leɓe.

"To rediyon Kaka Hafsa ne. Yashi ya cika masa ido."

"Nasiru ya ce kullum tana jin karatun Alƙur'ani a cikinsa. Ya kuma gwada naki a motarsa, motar ma ta tofar."

"Motar Nasiru mutane ma tofar da su take yi."

Ta jawo aljihun tebur, ta fito da wani kwali. Faifai ɗaya ne a ciki, sabo, cikin kwansonsa na roba.

"Ka gan shi? Shi ne auta. Daga shi babu wani a butik ɗin nan, na kuma zaga kasuwa jiya ban samu ba. In wannan ya mutu, sai dai ka hau bayan buhun gero ka je ka yi mata guɗar da bakinka."

"Da muryata ta fi ta ƙawayenku. Na ji su ran bikin, na zaci akuya ce ta maƙale a danga."

"Za a gani. Yi addu'a kuran lantarki kada ya ɗauke, don a mafi sanyin gudu zan zuba shi. Minti ashirin. Kada ka taɓa tebur, kada ka yi tari."

"Numfashi fa?"

"Rabi."

Injin ya fara aiki. Wani koren layi ya soma rarrafe a fuskar ordinatar. Illiya ya zuba masa ido kamar yadda yake kallon azurfa kafin ta narke.

"Wannan tafiyar tasa, raƙumin Bilma mai ɗauke da gishiri zai riga shi isa."

"In ya yi sauri sai ya yi tuntuɓe. Kai ma da sauri aka yi ka, shi ya sa kunne ɗaya ya fi ɗaya."

"Kakarki ba ta taɓa ƙorafi ba, Allah ya jiƙanta."

"Amin. Haƙuri ne da ita."

Rana ta karkato ta shigo ta ƙofa, ta faɗa kan fuskar ordinatar. Salma ta ɗauki ɗaya daga matattun faifan ta ɗaga don ta kare hasken. Sai ta tsaya. Rana tana ratsa faifan. Ɗigo uku ne da ɗan layi mai lanƙwasa a ƙarƙashinsu, suna haske kamar an huda bukka. Ta ɗaga na biyun. Ɗigo uku da layi.

Ta san zanen. Yana bayan munduwar uwarta, yana cikin zoben da ke hannunta.

"Kaka."

Illiya ya waiwayo. Ba ta cika kiransa haka ba.

"Mene ne wannan?"

"Tambarina ne mana. Yau kika fara ganinsa?"

"Da me ka yi shi?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙarfen zanensa, ɗan siriri mai kaifin baki da ƙotar itace da ta sha hannu. "Da wannan. A baya na yi, inda kika yi rubutu. Fuskar ban taɓa ba."

Salma ta zauna a kan kwalin takardu, ta riƙe kai.

"Innalillahi. Mako uku ina zagin ordinatar, ina zagin Nasiru, ina zagin 'yan kasuwar da suka sayar mini da faifai. Ashe mai kisan yana zaune yana shan shayina."

"Wane kisa? Ɗigo uku?"

"Tsoho, muryar a bayan take kwance! Fuskar roba ce kawai, taga ce da injin ke leƙawa. Abin da aka zuba yana nan ƙarƙashin fentin baya, bai kai ɓawon albasa kauri ba. Ka kafa ƙarfe ka kwashe shi. Kuma ka zaɓi kusa da ramin tsakiya, daidai inda injin ke fara karatu."

"Nan ne ya fi kyau da tambari."

"Nan ne maƙogwaronsa!"

Illiya ya karɓi faifan ya ɗaga shi ga rana, ya juya, ya sake juyawa.

"Wane irin abu ne wannan, mai ajiye ransa a gadon baya? Wanda ya ƙera shi ba maƙeri ba ne. Kuma ke kin ce fuska. Ba ki ce baya ba."

"Ban ce kada ka jefa shi a rijiya ba ma. Sai in lissafa maka duka? Wa ya aike ka?"

Ya ajiye faifan a hankali.

"Shekara arba'in, babu abin da ya fita hannuna babu tambari. Yaya Hafsa kuma, tun da idon ya tafi, duk abin da aka ce daga gare ni yake sai ta juya shi ta shafa bayan. In yatsanta ya ji ɗigo uku, sai ta ce, to, Illiya ne. In aika mata abu sumul, kamar na kowa?"

Salma ta juya ga ordinatar. Koren layin ya kai ƙarshe, injin ya turo faifan waje. Hannun Illiya ya miƙa. Ta buge shi.

"Mayar da shi! Hannuwan duka biyun, kai su bayanka."

Ta ɗauki faifan ta gefe da yatsu biyu, ta sa a ƙaramin rediyon butik. Ya ɗan yi shuu, sai ga muryar liman yana addu'a, sai amin ɗin maza, sai guɗa ta tashi ta cika ɗakin. Wani mai wucewa da amalanke ya tsaya ya leƙo. Illiya ya ja rawani ya rufe har hanci.

Salma ta kashe rediyon, ta tura masa kwanson roba, babu komai a ciki.

"Ga inda za ka yi ɓarnarka. Nan za ta fara shafawa kafin ta buɗe. Ka huda shi har ya gode."

Ya ɗora kwanson a gwiwa, ya kafa ƙarfe. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi bai yi rawa ba. Ɗigo uku, layi ɗaya. Ya hure garin robar, ya rufe ido ya shafa da babban yatsa, ya ƙara zurfin ɗigo na uku. Sannan ya miƙa mata, ta sa faifan, ta rufe, ta ɗaure da zare.

"Amarya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "wannan maganar ba sai ta kai Timia ba."

"Za ta kai. Da bakina zan gaya wa Nasiru."

"Ki ce kuran ne. Kowa zai yarda."

"Tana can tana zaton wasa kake yi da ita. In ta ji don yatsanta ka kashe faifai biyu, fushin zai tafi. Sai dai za ta yi mako tana dariya."

"Shi nake tsoro. Tun ina yaro take yi mini ita, har yau ba ta ƙoshi ba."

Daga masallaci aka fara kiran la'asar. Illiya ya saurara, ya dubi matattun faifan biyu a kan tebur, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya yi dariya har ya yi tari.

"To, gaya mata. Ki ce ƙanenta ya tsufa bai yi hankali ba, ta san da haka." Ya laluba aljihu ya fito da 'yan kunne na azurfa, sababbi, ya ajiye a tafin hannunta. "Karɓi. Na wata Hajiya ne, amma kunnenta bai kai naki jin magana ba. Kin ci ni yau."

Salma ta juya su. "Waɗannan ma ka huda musu baya."

"Su ba su da murya. Ta mai sa su ta ishi unguwa."

Ta sa su a kunne, ta ɗauki faifan, ta kulle butik. Ya ce ta ba shi ya riƙe zuwa tasha, ta ce a'a. Haka suka bi ta cikin kasuwa, ita a gaba da faifan a ƙirji, shi a baya yana gaisawa da mutane da kai kawai, don har yanzu ba ta ba hannuwansa izinin dawowa gaba ba.