Kajin Gudrun da Sa Hannun Jikanta

"Lafiya lau na kwana, tunda ban mutu ka gaji gidan ba. Ungo biro."

Haka tsohuwa Gudrun ta amsa gaisuwar jikanta Asger ta kan shinge, ranar Asabar da hantsi, ina shanyar kaya ina jin su. Gidanta ne a tsakiya, nawa a dama, na Asger a hagu. Tun da ƙwai ya yi tsadar da sai ka tsaya ka yi shawara kafin ka soya biyu, kwamitin unguwarmu a nan garin Odense ya ce mai son kiwon kaji a bayan gida ya kawo sa hannun maƙwabtansa biyu kafin Litinin. Ni tuni na sa nawa, don wallahi tsoron bakin matar nan nake. Saura na ja'irin.

Asger ya kai hannuwansa baya, ya kira ta da Mormor, wato kaka a harshensu. "Mormor, ke da tabarau ke ɓace miki yana kan hancinki, ke ce za ki riƙe mai rai?"

"Na riƙi uwarka, na riƙe ka. Kaji ai ci gaba ne."

Ya ce ɓeraye za su cika layin. Ta ce ɓeran da ya san hanyar kicin ɗinsa ba zai kalli tsabar kaji ba. Ya ce a shekarunta kamata ya yi ta nemi kyanwa, su zauna su riƙa gyangyaɗi tare. Ta ce mai ci ya kwanta ba ya kawo komai tana da shi, ga shi nan tsaye da gajeren wando.

"To ƙwan nawa kike ci ma? Ɗaya a sati, shi ma sai kin raba shi biyu."

"Ina ruwanka da cikina? Kai da kek ɗina ya yi maka wannan tumbin."

Nan fa ya gyara tsayuwa kamar lauya, ya shiga jero hujja. Wai shi direban bas ne, barcinsa amanar fasinja ce. Wai kukan kaji zai hana shi runtsawa, wari kuma zai kore shi daga lambunsa, rana ɗaya ba zai iya ba. Har da dafa ƙirji. Ni dai na cusa fuska cikin zanen gado, don dariya ta kusa tona ni.

Gudrun ta bar shi ya gama tsaf. "Rana ɗaya, ko?"

"Ko wuni."

Sai ta juya, ta taka a hankali zuwa ɗan ɗakin katakon da marigayi mijinta ke ajiye kekensa, ta zare sakata. Kaji huɗu jajaye suka fito suna taƙama, ɗaya ta nufi shingen ta tsaya tana kallon Asger da ido ɗaya.

"Sati uku ke nan suna nan," in ji ta. "Ba ka ji kuka ba, ba ka ji wari ba. Da kana leƙo ni, da ka sani."

Gaskiya maganar ta taɓa ni, don ta faɗe ta ba wasa a muryarta. Shi kuwa Asger, kunnuwansa suka yi ja. Ya waiwayo ya tambaye ni ko na sani. Na ce ni da nake karyawa da ƙwansu tun shekaranjiya?

Ya juya ga kakarsa. "Wato in ban sa hannu ba, kwashe su za a yi?"

"Ranar Litinin. Ni kuma in koma tashi da safe ba mai jirana."

Asger ya sosa ƙeya, ya yi dariya, ya karɓi biron. Ya ɗora takardar a kan shinge ya sa hannu, yana cewa shi dai an yi masa fashi da rana tsaka. Gudrun ta duba sosai, ta ce rubutun kamar ɗaya daga cikin kajin ce ta yi, amma za a karɓa.

Ta laluba aljihun rigarta ta ciro ƙwai guda, da ɗuminsa, ta danƙa masa a tafi.

"Ɗaya tak, Mormor?"

"Ɗaya. Na gobe sai ka zagayo ta ƙofa ka karɓa."