Digirin Tuzuru

Ko tsufa zai kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi tafinta a Dangora ba. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, ina malamin elemantare a Kiru, ina ji da kaina kamar a ɗakinmu aka haifi Turanci. (Gajeren wando, doguwar safa, alƙalami a aljihun gaba. Allah Ya yafe mana ƙuruciya.)

Habu, ɗan kawuna Malam Idi, ya gama sakandare a Zariya, malamansa suka ce ya cancanci wucewa jami'a can Kudu. Kawu ya ce atafau, bokon ya isa haka, ga gona tana jira. Shi ne wani Baturen makaranta ya taso takanas daga Kano don ya lallashe shi, aka kira ni in fassara. A hanya Habu ya riƙe min hannu ya ce, "Yaya, don Allah ka gyara magana. In Baba ya ce a'a yau, shi ke nan." Na ce ya sha kuruminsa.

Muka zauna a zaure, dattawan unguwa sun hallara, har da liman. Bayan gaishe-gaishe Kawu ya ce in tambayi baƙo me ake koyarwa a can ɗin.

Bature ya fara da tarihi. Na ce, "Labarin mutanen da." Kawu ya ce, "Kakarsa na nan ciki, bakinta bai mutu ba." Aka zo kan ilimin zaman jama'a, ya ce wanda bai koyi zama da mutane a gidan ubansa ba, ba a Kudu zai koya ba. Tattalin arziki ne ya ɗan shige shi. Sai Bature ya ce a ƙasarsu har an fara koyar da aiki da wani inji mai yin lissafi da kansa, kuma wata rana zai iso nan. Na ƙara gishiri, na ce injin ya fi rumbun Kawu girma. Liman ya ce, "Ikon Allah!" Na ga fuskar Kawu ta fara saki, sai na ƙara gyara zama.

"To, in ya gama, me zai zama?" in ji Kawu.

Bature ya ba da amsa, na tsinci kalmar bacala a ciki. Ai na san ta! Tun muna ɗalibai aka ce mana namijin da bai yi aure ba ke nan. Na yi gyaran murya na ce, "Kawu, ya ce in Habu ya kammala, za a tara jama'a, a sa masa riga da hula, a miƙa masa takardar shaidar zama tuzuru."



"Tuzuru?" in ji Kawu.

"Cikakke," na ce. (Wai ni nan mai gyara magana.) Liman ya saki salati. Habu yana ta zare min ido, ni kuwa na ɗauka godiya yake yi.

Sai Bature ya yi murmushi, ya ce da Hausa, tana ɗan karkacewa amma ana ganewa sarai: "Malam, yi haƙuri. Sunan digirin farko ne kawai. Ni ma bacala ne, matata tana Kano, 'ya'yanmu uku."

Ashe yana jin Hausa! Har gishirin rumbu ya ji. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Kai da ka doshi talatin ba mata, ashe ka riga Habu karɓar takardar." Zaure ya kwashe da dariya, ni kuwa gumi har cikin safa.

Kawu kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Bature baƙo ne, yaro yake so, zai faɗi abin da zai faɗa. Kai ɗana ne, kuma malami. Maganar wa zan ɗauka?"

Na dubi Habu, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi na so in ce kalmar fuska biyu gare ta, in tsira da ɗan mutuncina, amma na san Kawu da ta farkon zai tafi. Na sunkuyar da kai na ce, "Tasa za ka ɗauka, Kawu. Ban san kalmar ba, kame-kame na yi."

"Ɗaga murya, liman bai ji ba."

Na ɗaga. Kawu ya jima yana kallon alƙalamin aljihuna, sannan ya ce, "Habu ya tafi. In mai koya wa 'ya'yanmu Turanci haka yake, lalle garin nan yana bukatar wanda zai je ya ƙaro."

Habu ya tafi ya karanta tarihi, ya dawo da digirinsa. Ni kuwa tun daga ranar, duk wanda ya ce in yi masa tafinta, sai na fara tambayarsa ko yana jin Hausa.