Rasuwar Kaset ɗin Malam Sahabi Mai Gyaran Inji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da har yau bai sauka ba, gidan Malam Sahabi, mai gyaran injin jirgin ruwa a bakin ruwan Yelwa, na sanar da rasuwar kaset ɗinsa na jaz, wani kiɗan ƙasar waje. Ya cika ranar Laraba da hantsi, cikin daminar nan ta 1993, yana da shekara bakwai a duniya.

Marigayin ya zo gidan ne ta hannun James Tamada, mutumin tsaunukan Ngaski, wanda suka koyi gyaran inji tare da Malam Sahabi. James ya aro asalinsa wurin wani baƙo, ya haɗa rediyo biyu baki da baki ya ɗauka. Shi kaɗai ya san sunan makaɗan. Ya rubuta su a jikin kwali, ruwa ya wanke rubutun, shi kuma Allah ya karɓi ransa shekara uku da suka wuce.

Mutum huɗu ne a cikin marigayin: mai fiyano, mai ganguna, mai wani ƙaton goge da ake tsinka da yatsa, sai baƙonsu mai jita, wanda ba ya shigowa sai kiɗa na uku. Fiyano kan ce tin, tirin, tan, ya dakata kamar mai neman kalma. Jita ta amsa can ƙasa, ba gaggawa. Marigayin bai taɓa yi wa kowa kirari ba, bai roƙi kowa ba, bai zagi abokin gabar kowa ba. Wannan ne ma ya jawo masa raini. Shekara bakwai masu jirage na tsayawa a rumfar suna tambaya, "Malam, wai yaushe mawaƙin zai fara?" Shekara bakwai Malam Sahabi na ba su amsa, har ya gaji ya daina.

A ƙarshen gefe na biyu, bayan kiɗa ya ƙare, akwai tarin James, da dariyarsa, da ƙarar yatsansa a kan maɓalli. Malam Sahabi bai taɓa kashe rediyo kafin wurin ba.

Marigayin ya yi jinya. Sau biyu rediyo na tauna shi, ana liƙe zaren da jan farcen uwargida Mariya. Da biro ake mayar da shi baya don kada batir ya wahala. Duk wannan ya jure. Ajalinsa ya zo ne daga Shanga, a hannun Ɗahiru, ƙanen Mariya, wanda ya sauka kwana biyu. Yana son aika wa yayansa da ke Legas saƙon murya, ya nemi kaset, ya ga wannan a kan taga. Ya toshe ramukansa da takarda don ya ɗauki murya, ya zauna ya cika gefe biyu da labarin ruwan da ya ci gonar shinkafa da ciwon ƙafar jakinsa.

Malam Sahabi ya dawo cin abinci, ya danna rediyo, maimakon fiyano ya ji gaisuwa. Ya juya gefe na biyu, ya tura can ƙarshe. Labarin jaki ne a wurin.

"Wallahi, Yaya, na saurara tukuna," in ji Ɗahiru. "Ban ji kowa na magana ba. Ca nike ba komi ciki."

Malam Sahabi ya koma rumfa, ya kwance injin da ba abin da ya same shi, ya sake haɗa shi, har la'asar.

Marigayin ya bar kwalinsa mai tsaga, da biro shuɗi, da rediyo mai lasifika ɗaya. Ya bar kuma mai shi, wanda ya je wurin masu kaset na Yelwa da Kwantagora yana rera musu tin, tirin, tan, suna miƙo masa kiɗan Indiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a bayan rumfar gyara, cikin gwangwanin madara. An ƙi roƙon da wani manomi ya yi na a ba shi zaren ya kori tsuntsaye a gona. Ana karɓar gaisuwa a rumfar, amma ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ce, "Ai kaset ne kawai," kuma kada a kawo wani a madadinsa. An yafe wa Ɗahiru zuwa. Har yanzu yana tambayar Mariya ko za a bari ya aika saƙon kafin a rufe.