Akuyar Aro a Sa'alaba

Wani ne cikin irinmu, mu da muka zo Umra muka mance hanyar filin jirgi. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya, ya tare a unguwar Sa'alaba a Jidda yana sayar da turare da asuwaki. Ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya masa, sai Allah. 'Yar fanshonsa kuwa iyali ke ci a can gida.

Rannan sai labari ya zo wai jiharsu za ta yi wa 'yan fansho rangwamen haraji, har a maido musu abin da aka yanka a baya. Amma fa sai mazaunin jihar. Kuma ta waya za a tantance, a kira mutum a gan shi ido da ido. Mutumin naka ya ƙwallafa rai, don rufin gidansa yoyo yake, ga damina ta kusa.

Ya tafi wajen maƙwabcinsa Rafi'u tela neman shawara. Mu kuwa ba ma rowar shawara, ko ba mu san kan zance ba.

"Abu mai sauƙi," in ji Rafi'u. "Ka mai da ɗakinka gida. Kashe na'urar sanyi, kashe wuta."

"Zafin Jidda fa?"

"Ka taɓa ganin ɗan fansho yana shan sanyi? Kuma ka rage kumatun nan. Shinkafar Larabawa za ta tona maka asiri."

Bawan Allah ya kama azumin da ba wanda ya sa shi. Ya tono wata tsohuwar riga da ta ga jiya ta ga yau. Da ya duba ɗakin ya ga har yanzu bai yi kama da gida ba, sai ya aro akuya, ya hau bene da ita a kafaɗa.

Ranar tantancewa da yamma waya ta yi ƙara. Wata ma'aikaciya ce, Malama Zinariya.

"Baba, ina wuni? Ba na ganin ka."

"An ɗauke wuta ne, 'yata. Kin san halinmu."

Ya haska fuskarsa da tocila, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa.

"Kana ina yanzu, Baba?"

"Ina gida mana. Ba ki ji akuya ba?"

Akuya ta yi gum. Ya murɗe mata kunne. Ai kuwa ta kware baki, ta ƙi yin shiru, har sai da mai gidan hayar, Abdulelah, ya hawo yana dukan ƙofa.

"Ya Hajj, esh hada? Akuya a gidana? Yalla, barra! Halas!"

"Baba, wa ke Larabci?"

"Malamin Islamiyyarmu ne, karatu yake biya wa yara."

"Da faɗa haka?"

"Yaran ne ba sa ji."

Malama Zinariya ta wuce zancen, ta ci gaba da tambayoyinta. Mutumin naka ya ji daɗi, ya ce a ransa rufi ya samu.

Suna cikin haka aka kira magariba. Ga yunwa, ga ƙishi. Bai san lokacin da ya cafki dabino ya kafa kai a gorar ruwa ba. Ya mance shaf cewa Jidda tana riga gida ganin faɗuwar rana.

"Baba, buɗa-baki kake yi? Mu nan yanzu muka idar da la'asar."

Ya yi wuf ya ɓoye gorar.

"Ladaninmu ne tsoho, agogonsa na gudu. Ni kuwa ba na musu da ladan."

"To Baba, sai haƙuri. Rangwamen na mazauna gida ne, kai kuwa ba ka ƙasar."

Ya ji kamar ya yi kuka. Ga azumi ya sha, ga mai gida na jiran sa a ƙofa, ga akuya ta fara cin hannun rigarsa.

"'Yata, tsakaninki da Allah, me ya tona ni? Balaraben ne ko ladanin?"

"Ko ɗaya, Baba. Tun ɗazu muke magana, layi bai yanke ko sau ɗaya ba."