Yadda Za Ka Sayo wa 'Yarka Kwamfuta ta Waya Ba Tare da Ka Tambayi Kowa Ba

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan yadda na jero su, na ba ka tabbaci kwali zai iso ƙofar gidanka. Abin da ke cikin kwalin kuwa, wannan sai yadda rabo ya yi. Ni malamin koyar da tuƙi ne, kuma duk abin da za ka karanta a nan a jikina aka gwada shi.

Mataki na 1: Yi alkawari a gaban jama'a

Ranar da babbar 'yarka ta samu gurbi a jami'a, jira sai falo ya cika da 'yan taya murna, sannan ka gyara murya ka ce, "Likita, kwamfutarki tana wuyana." Likita muke kiran tawa tun tana yi wa 'yar tsana allura da tsinken tsintsiya.

Ƙanenka, wanda yake wuni gaban kwamfuta a ofis, zai ce, "Yaya, bari in leƙa shago in duba mata mai kyau." Kada ka yarda. Ce masa kamfani za ka kira kai tsaye, domin wanda ya san hanyar rijiya ba ya roƙon ruwa. Maman yara za ta yi maka wani irin kallo ta gefen ido. Yi kamar kana neman takalminka.

Mataki na 2: Saba da na'ura

Ba mutum ne zai ɗauka ba. Wata murya ce mai sanyi za ta ce ka danna ɗaya in sabon ciniki ne, biyu in tsohon ciniki ne, uku in ba ka san wane iri ne naka ba. Ni uku na danna, saboda gaskiya dokin ƙarfe ce. Sai ta mayar da ni farko.

Daga nan za a sa maka kiɗa. Lokaci-lokaci muryar za ta dawo ta shaida maka cewa kiranka yana da muhimmanci a wurinsu. Kada ka amsa da "Na gode". Ni na amsa, har autanmu ya tambayi uwarsa ko Baba lafiya yake.

Mataki na 3: Haɗa kiran da aiki

Tunda jiran ba ya ƙarewa, tafi da shi wurin aiki. Ni na jingina wayar a gaban mota, ɗalibata tana kan sitiyari. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, mai ladabi, amma a wurinta birki da totur 'yan biyu ne. Muna tsakiyar fili sai na'urar ta ce, "Faɗi abin da kake buƙata da bakinka." Daidai nan ɗalibar ta nufi katanga.

"Koma baya! Koma baya!" na kwatsa.

"Ka zaɓi komawa baya," in ji na'urar. Kiɗa ya tashi daga farko.

Ɗalibar ta kashe mota, ta dube ni. "Malam, da ni kake ko da ita?"

Mataki na 4: In ka samu ɗan'adam, nuna masa kai ma ka sani

Wata rana, ba zato, mutum zai ɗauka. Wadda ta ɗauki nawa kiran yarinya ce mai haƙuri, ta gaishe ni, ta ce ana naɗar hirar. Na ce a naɗa. Ta tambayi irin ƙarfin da nake so da girman ƙwaƙwalwa. A nan ne raggo yake cewa bai sani ba. Kai ka ce, "Mai ja sosai, wadda ba ta zafi a doguwar tafiya."

Sai ta ce, "To Yallaɓai, ta tebur kake so, ko ta hannu?"

Ɗan'uwa, ni na tsufa cikin motoci. Na san abin da ake nufi in an ce mota ta hannu ce: wani ya more ta, ya gaji, ya shafa mata fenti. Raina ya ɓaci.

"Ta hannu? Ni? 'Yata likita za ta zama!"

"Yallaɓai, abin da nake nufi..."

"Na san abin da kike nufi. Sabuwa fil nake so, cikin kwalinta."

"To, ta tebur ke nan?"

"Ita."

Mataki na 5: Ƙi duk wani ƙari

Masu sayarwa halinsu ɗaya: ka zo sayen taya, su liƙa maka turaren mota. Da ta ce ko za a haɗa mini da allo, na ce jami'a yarinyar za ta, ba firamare ba. Da ta ambaci linzami, na ce ba doki na yi oda ba. Sai ta ce, "Ka tabbata, Yallaɓai?" Ka lura, tambayar nan tarko ce. Namiji ba ya tabbata sau biyu.

Mataki na 6: Tara iyali ranar buɗe kwali

Kada ka buɗe kai kaɗai a ɗaki, inda za ka iya rufa wa kanka asiri. Kira kowa, har da ƙanen nan naka. Ni sai da mai kawo kayan ya kama mini muka shigo da kwalin, nauyin ya ƙara mini alfahari.

Likita ta yanka ledar da hannunta. Muka zaro wani baƙin akwatin ƙarfe mai tsayin gwiwa, da igiyar wuta guda ɗaya. Ta zagaya shi tana neman inda ake buɗewa. Ƙanena ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa.

"Baba," in ji ta a hankali, "a ina ake kallo?"

Maman yara ta ce, "Ai sauraro ake yi. Gadon wayar babanki ta yi."

Mataki na 7: Kira ka yi faɗa

Buɗe muryar wayar kowa ya ji, don iyali su ga yadda ake karɓar haƙƙi. Bayan kiɗa, wani saurayi ya ɗauka. Na zazzage masa. Ya ce in yi haƙuri ya duba hirar da aka naɗa, kuma kafin in hana shi ya kunna.

Ban taɓa sanin haka muryata take ba. "Ta hannu? Ni?" Duk falo muna jin yarinyar nan tana ƙoƙarin ceto na, ina ture hannunta. Da aka zo wurin doki, maman yara ta tashi ta shiga kicin, wai ta bar abu a wuta. Babu komai a wuta.

Na sassauta murya na tambayi yadda ake mayar da kaya. Ya ce abu mai sauƙi ne, in shiga shafinsu da kwamfutata.

Mataki na 8: Je wurin ƙanenka

Ga ranar tafiya ta matso, ga akwati ba ya shiga jaka. Je gidansa, ka daɗe kana tambayar lafiyar yara. Nawa bai bari na kai ga maganar ba. Ya shiga ɗaki ya fito da tasa, 'yar sirirya mai ninkewa, gefe ɗaya a ɗan fashe.

"Ta tafi da wannan, Yaya. In ta samu wata ta dawo mini da ita."

"Kai fa?"

"Ni zan sa wa taka allo, in riƙa zuwa gidanka ina aiki. Ka tanadi shayi."

A tasha, bayan an ɗora kaya, Likita ta leƙo ta taga. Na soma cewa da zarar kamfani sun karɓi akwatin zan aiko mata da wadda ta dace.

"Kada ka mayar, Baba. Ka bar mini ita. In na buɗe asibitina, a kan teburina za ta zauna."

In hakan ta faru da kai, ka ce hayaƙin mota ne ya shiga idonka. A tasha ba wanda zai ƙaryata ka.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin hawan jini, ƙarewar katin waya, ko dariyar da za a riƙa yi maka a gidanka duk lokacin da aka yi baƙi. Shawara ce na bayar kyauta, kuma ka ga inda ta kai mai ita. In ka bi ta, kwalinka ya iso, ka buɗe ka tarar da firiji, to ka jona shi, ka sha ruwan sanyi, ka yi shiru.