Rasuwar Kaset Mai Yi wa Baƙi Bayani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, ni Osbert Belfon, direban bas mai ɗaukar baƙi daga tashar jiragen ruwa ta St George's, nake sanar da 'yan'uwana direbobi, da masu tallan gyaɗar ƙamshi na bakin tasha, da sauran abokan arziki, rasuwar kaset ɗin motata wanda aka fi sani da Barka-da-Zuwa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da misalin sha ɗaya da kwata na safe, a kan hanyar Sauteurs, yana tsakiyar magana. Shekararsa ashirin da ɗaya. A bakin aiki ya cika.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai in-ina ne. A takarda ba a ganewa, amma a baki gaisuwa kaɗai takan kai ni daga tasha har gidan mai. Dokar ƙungiyarmu kuwa ta ce duk direban da ke layin tasha sai ya yi wa baƙinsa bayanin zaman tsibirin nan kafin ya sauke su. Marigayi ne ya riƙe mini layin nan duk tsawon rayuwarsa. Yanzu ƙungiya ta ba ni zuwa Litinin, ko in zo da murya a motata, ko a ba wani gurbina.

An haifi marigayi a kan teburin kicin ɗinmu, wata Lahadi bayan an taso coci. Matata Verlyn ce ta zauna gaban rikoda ta yi magana ta awa guda cur, babu takarda a hannunta. Shekara ɗaya bayan haka guguwar Ivan ta yaye rufin gidan, ta tafi da teburin. Marigayi yana aljihun mota, ko tari bai yi ba.

Duk wanda ya taɓa shiga motata zai shaide shi da ladabi. Ba ya fara magana sai ya yi ɗan huci, shhh, kamar mai neman izini. Sannan ya ce: "Barkanku da zuwa Grenada. Wanda ke tuƙa ku sunansa Osbert. Ba fushi yake ba, haka fuskarsa take."

Bai taɓa ɓoye wa baƙo gaskiya ba. Kafin mu fita daga gari ya gaya musu: "Mu nan hagu muke bi. Mai tsallaka titi ya fara duba damarsa, in yana son komawa jirgi da ƙafafunsa biyu." Yakan ce dala iri biyu ke yawo a garin nan, tamu da ta Amurka, in an ce maka ashirin ka tambaya ta wa. Yakan ce mai wando irin kakin soja ya koma jirgi ya canza, doka ta hana, ko da na jariri ne. Ya koya wa dubban mutane cewa ba a shiga shago a fara da tambaya, sai an gaisa. Ya koya musu ƙwanƙwasa jikin bas ɗin haya in suna son sauka. Ya kuma hana su jiran bas ranar Lahadi, domin direban ko yana coci ko yana barci. Su nawa ya hana ƙona injin busar da gashi a soket ɗinmu, Allah kaɗai ya sani.

A minti na sha bakwai zakara yakan yi cara a cikinsa, sai a ji: "Osbert, rufe ƙofar nan, kajinka na shigowa." Wasu Jamusawa sun taɓa roƙona in mayar musu da wajen har sau uku.

Ba za mu ce ba shi da aibu ba. Har ya koma ga Mahalicci yana tura mutane rumfar tarho mai kati wadda aka cire tun da daɗewa, yana kuma yabon wani gidan abinci da yanzu ake facin taya a cikinsa. Muna roƙon duk wanda ya sha rana a dalilinsa ya yafe masa.

Ciwon ajali ya fara ne tun daminar bara. Muryar ta soma ja, musamman a kan tudu. Kullum safe sai na sa biro na ɗaure masa zare kafin ya iya tashi. Sau uku Dunstan mai gyaran rediyo yana yi masa ɗori da jan farce. A na ukun ya riƙe ni a ƙofar shago ya ce, "Mutumina, kwafe abin nan a waya. Zaren ya koma kamar gashin tsohuwa." Na gyaɗa kai. Ban kwafa ba. Ban so marigayi ya ji ana shirin bayansa.

Ranar Talata na ɗauki baƙi goma sha biyu zuwa bakin ruwan da nake kai mutane a arewa. Marigayi ya tashi lafiya, ya gama gefen farko ba gargada, na juya shi a garin Victoria kamar kullum. Muna gangarawa bakin ruwa ya iso wajen da ya fi kowane muhimmanci: "Ku saurara da kyau, wannan ya fi duk abin da na faɗa muku. Akwai wata bishiya a bakin ruwan nan, 'ya'yanta kamar ƙananan tuffa. Kada..."

Muryar ta yi kauri kamar ta ƙato. Ta ja. Aka ji ƙurrr. Shi ke nan.

Bishiyar manchinil yake nufi, wadda ruwanta ke ƙona fata, ɗanta kuwa in ya shiga baki sai maƙogwaro ya kumbura. Sauran maganar na haddace ta fiye da sunana: kada ku taɓa, kada ku fake ƙarƙashinta in ana ruwa, kada ku kai baki. Na tsayar da mota, na juya, na buɗe baki. Harafin farko ya maƙale. Su kuwa sun hango teku, wani ya ja ƙofa, suka zube waje.

Na bi su a guje. Can gindin bishiyar na hango wani dattijo, Mista Halvorsen, tsohon likitan haƙori, ya tsinci ɗaya a yashi yana goge shi a rigarsa. Na yi ƙoƙarin kiran sunansa, shi ma sunan ya ƙi fita. Ya ɗaga ya shinshina. Ya buɗe baki.

Shekarata hamsin da takwas, rabona da ƙwallo tun ina makaranta, amma waɗanda suka gani sun ce tashi sama na yi. Muka zube tare a bakin ruwa. Tabaransa ya karye, hularsa ta bi igiyar ruwa, matarsa ta rufe ni da duka da jakar hannu. Wata mai sayar da kwakwa ce ta raba mu. Ta ɗauki ɗan itacen da tsinke ta nuna masa, ta ce, "Baba, da ka gatsa wannan da a kwance za a mayar da kai jirgi. Yi wa bawan Allah godiya."

Ya yi godiya, har da runguma. Matar dai ta kai ƙara jirgi, jirgi ya rubuto wa ƙungiya. Washegari shugabanmu Mista Leopold ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, ya ce, "Ɗan'uwa Belfon, ka ceci rai, ba mai musu. Amma ba za mu riƙa yi wa baƙi bayani da kokawa ba. Litinin."

Da aka ciro marigayi daga bakin rikoda, zarensa ya yi kamar taliya. Dunstan ya duba, ya cire hula.

Marigayi ya rasu ya bar rikodar da ta cinye shi, wadda muka yafe mata. Ya bar biro ɗaya, da kwalinsa mai tsagaggen murfi, da baƙi bila adadin a ƙasashe daban-daban da suka koma gida lafiya a dalilinsa. Ya kuma bar mai muryar, Verlyn, wadda tana nan da ranta da lafiyarta, tana soya kifi a bakin titi a Gouyave. Shekara tara ke nan da ta kwashe kayanta. Ta ce ta gaji da zama da mutumin da ya fi sauraronta a kaset. Kullum ta gaban rumfarta nake wucewa da baƙi, kullum in na zo daidai wurin sai in rage wa marigayi murya.

Jiya Alhamis da rana na je mata da wasiƙa shafi uku. Ta karɓa, ta auna nauyinta a hannu.

"Mista Belfon, har yanzu wasiƙa?"

Ta naɗe mini kifi da shafin farko. Na nuna mata gawar, na nuna mata rikoda. Ta gane.

"Sabo kake so in yi maka? A'a, bawan Allah, na gama zaman akwati. In muryata kake so a motarka, ga kujerar gaba can, shekara tara ba mai zama a kanta sai lemarka. Amma da bakinka za ka tambaya, gaban mutane. Karɓi kifinka, yana hucewa."

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe uku na yamma a bayan gidana da ke Concord, ƙarƙashin bishiyar gyaɗar ƙamshi. Za a sa marigayi a gwangwanin biskit, Dunstan ne zai ɗauka. Fadan cocinmu ya ce a yi masa uzuri. Mai zuwa da bas ya sauka a gada, ya bi hanyar tudu. Za a ɗora tukunyar oyildaun, dahuwarmu ta gargajiya mai madarar kwakwa da kifin gishiri, kowa ya zo da kwanonsa. Ba a buƙatar furanni.

An ajiye kujera ɗaya a gaba. Mai ita ba ta ce za ta zo ba, ta dai tambayi Dunstan ƙarfe nawa ne. Bayan an rufe ƙasa, mai wannan sanarwa zai miƙe ya yi mata tambayar nan guda. Kalma biyar ce. Da safen nan na gwada ta gaban madubi, ta ɗauke ni minti huɗu. Wanda ke sauri ya tafi tun kafin in fara. Wanda ya tsaya kuma, don girman Allah, kada ya ƙarasa mini.